Kundin aikin haɗa furotin mai musayar ADP da ATP na ƙwayar sammore, daga Jos

13 ga Janairu, 2025

Filasmid ɗin da muka yi oda tun watan Nuwamba, wato ɗan zoben DNA mai ɗauke da umarnin ƙera furotin ɗin, ya iso yau, busasshe a cikin ɗan bututu. Daga nan zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya, saboda 'yan uwa ɗalibai da suka sha tambayata ko irin wannan aiki yana yiwuwa a Jos.

Furotin ɗaya nake son samarwa, wanda ke musayar ADP da ATP a fatar ciki ta mitokondiriya. Mitokondiriya, wani ɗan sashe cikin ƙwayar halitta, ita ce ke mayar da ADP ya zama ATP, sinadarin makamashi, kuma ita ke ƙera yawancin ATP ɗin da jiki ke ƙonawa, amma fatarta ta ciki a toshe take, yawancin sinadarai ba sa ratsa ta sai ta hannun furotin masu jigila. Mutum yana da 53 a dangin da ake kira SLC25, yis ɗin burodi kuma yana da 35. Akwai mai ɗaukar fosfet, akwai mai ɗaukar sitiret, akwai UCP1 da ke sa kitsen jarirai ya ba da ɗumi. Nawa shi ne mai shigar da ADP ɗaya ya fitar da ATP ɗaya. Amino asid ɗinsa sun ɗan haura 300, ya ratsa fatar sau shida, kuma aikinsa kamar zaure ne mai ƙofa biyu: in ta waje na buɗe, ta ciki a rufe take, in ta ciki ta buɗe, ta waje ta rufe. Da duka biyun za su buɗe tare, da cajin lantarkin da mitokondiriya ta tara ya zube.

Ba na mutum zan yi ba, na Trypanosoma brucei ne, 'yar uwar ƙwayoyin da ke jawo sammore a shanu. Abin da ya ja hankalina shi ne T. evansi mai kama raƙuma, wadda ƙudajen da ke cizon dabbobi ke yaɗawa ba tare da buƙatar ƙudan tsando ba. Ita ta rasa DNA ɗin mitokondiriyarta, ko dai duka ko wani ɓangare, don haka da wannan musayar take riƙe cajin fatar: a nan musayar tana juyawa ne, ATP mai caji huɗu ya shiga, ADP mai caji uku ya fito. A T. brucei ta cikin jini kuwa, wani bincike na 2023 ya nuna tana iya rayuwa ko an cire furotin ɗin. Saboda haka ba na cewa na gano magani. Ina son in riƙe furotin ɗin a hannu yana aiki, yadda za a iya gwada sinadarai a kansa. Magungunan da makiyaya ke dogaro da su tsofaffi ne: diminazin tun 1955, isometamidiyam tun farkon shekarun 1960, ƙwayoyin sun fara saba musu, ga shi kuma raƙumi ba ya jure diminazin sosai.

Malam ya tambaye ni tun farko me ya hana mu saya. Na duba kundin kamfanoni masu sayar da furotin ɗin da aka haɗa a ɗakin gwaji. Da yawa daga na dangin SLC25 guntaye ne, ko kuma cikakku ne amma ba wanda ya gwada ko suna jigila. Suna da amfani wajen gwada antibodi, amma ba za su shigar da ko ADP ɗaya cikin komai ba.

Kuɗi zuwa yau: haɗa jin ɗin, wato guntun DNA na furotin ɗin, da saka shi cikin filasmid mai suna pET-28a, naira 650,000. Fito da shi da kawo shi Jos, naira 85,000.

17 ga Janairu

Na saka filasmid cikin bakteriyar E. coli, na shimfiɗa a faranti mai kanamaisin. Sun tsiro da kyau. Na ajiye wasu cikin giliserol a firiza, na aika samfuri don a karanta jerin DNA.

22 ga Janairu

Kwalbar abincin bakteriya da ban zuba komai a ciki ba, wadda na bari don shaida, ta wayi gari da duhu. Wato wani abu ya tsira daga dafuwar. Babbar na'urar otokilef ɗinmu tana jiran gyara, da tukunyar matsi muke dafa kayan don kashe ƙwayoyin cuta, minti 15 kamar yadda kowane littafi ya ce. Baba mai kula da ɗakin gwaji ya duba kwalbar ya ce, "'Yata, littafin nan ba a kan dutse aka rubuta shi ba. Ki ƙara lokaci."

Na zauna na yi lissafi, maganarsa ta fito daidai. Jos tana da tsayin kusan mita 1,200 daga teku, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96. Nauyin da ke kan murfin tukunyar yana ƙara matsi ne a kan na iskar wurin, to in iskar ba ta kai ta bakin teku nauyi ba, zafin ciki yana tsayawa wajen 118 zuwa 119 maimakon 121. Ga bakteriya masu ƙunshe kansu su jure zafi, wannan ɗan bambancin ya isa. Ga kuma ƙurar hunturu da ke shigowa ta kowace kafa. Yanzu minti 35 muke yi, muna goge teburi da barasar gwaji kafin a buɗe kowace kwalba, kuma mun toshe tagogi da tef. Asara: lita huɗu na abinci da kwana biyu.

24 ga Janairu

Jerin DNA ya dawo daidai, ba kuskure ko ɗaya. Sanyin safiya ya sa SDS, sabulun da ake gwajin furotin da shi, ya daskare fari a kwalba, sai da na ɗumama shi cikin ruwan zafi.

29 ga Janairu

Na gwada samar da furotin a nau'in E. coli mai suna BL21(DE3). Suna girma lafiya har kaurinsu ya kai 0.6 a ma'aunin haske na 600, sai na zuba IPTG, sinadarin da ke sa su fara ƙera furotin ɗin. Cikin awa ɗaya girma ya tsaya cak, daga baya ma lambar ta fara sauka, ruwan ya yi yauƙi, alamar suna fashewa. Na rage IPTG, na rage zafi zuwa 25, duk ɗaya. A jel, inda furotin ke rabuwa layi-layi gwargwadon nauyinsu, babu wani sabon layi.

Wannan ba sabon abu ba ne a wannan fanni. Furotin ɗin fata yana yi wa E. coli guba in ya yi yawa da sauri. A 1993 ne Fiermonte da Walker da Palmieri suka fara samar da ɗaya daga wannan dangi a E. coli, mai ɗaukar oksogulutaret na shanu, ya taru a dunƙule cikin ƙwayar, suka narkar da shi da wani sabulu mai suna sarkosil suka mayar da shi aiki. Amma mai musayar ADP da ATP ya fi taurin kai. Sai a 2001 rukunin Martin Klingenberg a Jamus suka samu nasara da na naman gwari Neurospora crassa, bayan na yis da na dabbobi sun ba su wahala saboda yadda jin ɗinsu ke rubuta amino asid bai dace da E. coli ba. Namu an riga an daidaita rubutunsa, saura maganin gubar. A 1996 Miroux da Walker suka zaɓo nau'o'i biyu daga cikin BL21 da suka tsira, C41 da C43, waɗanda ke ƙera furotin a hankali har su jure. Su nake buƙata. Malam ya kira wata abokiyar aikinsa a Abuja, ta ce tana da C43.

5 ga Fabrairu

C43 ya iso a motar safe, a cikin bututun aga, wato daskararren abincin bakteriya, da aka soka masa allura, ba ya buƙatar ƙanƙara. Kuɗin mota da ɗan dako naira 6,000. Na farfaɗo da shi a faranti.

12 ga Fabrairu

Layi ya fito. Bayan IPTG na milimola 0.4 da awa biyar a digiri 37, C43 ya ci gaba da girma, kuma a jel ga layi mai kauri ɗan sama da kilodalton 30, wanda babu shi a samfurin kafin IPTG, babu shi kuma a ƙwayoyin da ke ɗauke da filasmid wanda ba jin a ciki. Ya ɗan yi ƙasa da nauyin da lissafi ya bayar, amma haka furotin ɗin fata suke, sau da yawa suna gudu fiye da nauyinsu. Da na fasa ƙwayoyin da na'urar girgiza ta sauti na juya su, kusan duk furotin ɗin ya zauna a ƙasa, wato a dunƙule yake.

Na kai wa Malam hoton jel ɗin da murna. Ya daɗe yana kallo, ya ce madalla, sannan ya ce, "Ba girin-girin ba dai, ta yi mai." Na fahimce shi. Layi a jel yana nuna cewa sarƙar amino asid ta samu, ba ya nuna cewa ta naɗu yadda ya kamata. Furotin ɗin da ke dunƙule matacce ne har sai an tashe shi, kuma a nan ne ayyuka da yawa ke tsayawa su rubuta rahoto. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ba zan kira shi nasara ba sai na ga ATP ya fito ta cikinsa, kuma na ga CATR ta hana shi." CATR guba ce da aka sani tana toshe wannan furotin.

14 ga Fabrairu

Gwajin antibodi mai gane jelar histidin, alamar da aka liƙa wa furotin ɗin, ya haska layin nan. Shi ne.

20 ga Fabrairu

Na noma lita biyu, na wanke dunƙulen sau da yawa da Triton X-114 da EDTA har ya yi fari, na rarraba a ƙananan bututu na daskare. Daren Talata wuta ta ɗauke, janareta kuma ya ƙi tashi har gari ya waye. Dunƙulen ba ya jin komai, shi ne ma alherin wannan hanya. Abin da ya tayar min da hankali kadiyolifin ne, wanda ya iso ranar Litinin. Wannan kitse ne na musamman da ke fatar ciki ta mitokondiriya, kuma a hoton ginin furotin ɗin an ga ƙwaya uku nasa manne da kowane furotin ɗaya. In babu shi, furotin ɗin ba ya tsayuwa. Iska da ɗumi suna lalata shi. Baba ya zo da asuba ya kwashe shi da CATR cikin kula mai ƙanƙara ya kai firizar wani sashe mai sola, kafin ma in iso. Allah ya saka masa da alheri.

Kuɗi: kadiyolifin da kitsen gwaiduwar ƙwai da Bio-Beads da Sephadex G-75, naira 780,000. CATR, miligiram biyu kacal, naira 410,000. Gudummawar gyaran janareta da man dizal, naira 60,000.

4 ga Maris

Azumi ya kama ranar Asabar, zafi ma ya fara shigowa. Jiya na yi yunƙurin farko na mayar da furotin cikin fata. Tsarin shi ne: a narkar da dunƙulen cikin sarkosil, a tsinka shi da ruwa mai sanyi, a haɗa da kitsen ƙwai da kadiyolifin da Triton X-114 da ATP mai yawa, sannan a zuba Bio-Beads su tsotse sabulun a hankali. Yayin da sabulun ke raguwa, kitsen yana naɗewa ya zama ƙananan ƙwallaye masu ruwa a ciki, ATP ya maƙale a cikinsu, furotin ɗin kuma ya zauna a bangonsu. Su ake kira liposom.

Ban kai ko rabi ba haɗin ya yi fari fat, ya rabu gida biyu, wani mai nauyi ya zauna ƙasa. Ma'aunin zafin ɗakin yana nuna 29 da azahar. Triton X-114 yana rabuwa da ruwa da zarar zafi ya haura kusan digiri 23, kuma yana jan furotin ɗin fata ya tafi da shi. Takardun da suka ce a yi wani mataki "a zafin ɗaki" suna nufin ɗakin garin Bari na Italiya ko Kambirij na Ingila ne. A watan Janairu da ban ga wannan matsala ba sam. Bututu huɗu na dunƙule sun tafi, da kusan kashi ɗaya cikin biyar na kadiyolifin, wanda shi ya fi yi min ciwo.

Gyara: komai a cikin kwanon ƙanƙara, sannan matakin Bio-Beads a cikin firij a kan ƙaramar na'urar juyawa da muka ja wa waya ta gefen ƙofa. Zan riƙa farawa bayan sallar asuba. Ƙanƙara ta yi tsada saboda masu buɗa baki, ƙulli ɗaya da nake saye 300 ya koma 700.

7 ga Maris

An samu liposom, haɗin ya fito da ɗan hazo mai kyau ba rabuwa. Na ratsa shi ta Sephadex don cire ATP ɗin waje.

11 ga Maris

A ƙasashen waje da ADP mai alamar rediyo ake wannan awo. Mu ba mu da na'urar ƙirga shi, kuma yana buƙatar lasisi daga hukumar kula da makamashin nukiliya. Don haka na zaɓi lusifares, sinadarin da ke sa ƙwaron nan mai walƙiya da dare ya haska: in ya samu ATP sai ya ba da haske, na'ura ta auna. Wani ɗakin gwaji a Vom ya ba ni aron na'urarsu, na bi hanyar Bukuru da kula a cinya.

Na zuba ADP a wajen liposom, na riƙa ɗiba ina aunawa. Haske ya tashi sosai. Amma ya tashi a bututun da na sa CATR, ya kuma tashi a liposom ɗin da babu furotin ko kaɗan. Sakamakon da ke fitowa ko'ina ba sakamako ba ne. Na dawo gida dab da shan ruwa jikina a sanyaye.

13 ga Maris

Na koma Vom ba tare da liposom ba, sai ADP da lusifares kawai. Abubuwa biyu suka bayyana. Da farko, da zarar ADP ya taɓa haɗin, haske yana tsalle nan take: ADP ɗin da ake sayarwa yana ɗauke da ɗan ATP, kuma lusifares yana ganin abin da ido ba zai taɓa gani ba. Na biyu ya fi wayo. Bayan tsallen, hasken yana ci gaba da hawa a hankali, kuma hawan ya fi sauri in na ƙara samfurin furotin ɗina. Wannan aikin adenilet kaines ne, sinadarin da ke haɗa ADP biyu ya mayar da su ATP ɗaya da AMP ɗaya. E. coli tana da shi, ɗan kaɗan ya biyo dunƙulen, kuma magnesiyam ɗin da ke cikin haɗin lusifares shi yake jira ya fara aiki. Wato ATP ɗin da na gani ranar Talata a waje aka ƙera shi, ba daga ciki ya fito ba.

Abin da ya tsorata ni shi ne, da ban sa bututun shaida ba, da zanen da zan samu ya yi kyau ƙwarai, kuma da wuya wani ya gane.

Maganin na farko yana hannu: na haɗa ADP da gulukos da heksokaines da ɗan magnesiyam, ya cinye ATP ɗin da ke ciki, na tace heksokaines ɗin da matatar kilodalton 10, na sa EDTA ya kama magnesiyam, tunda furotin ɗin ba ya ɗaukar ADP ko ATP da ke manne da shi. Na biyu sai an sayo Ap5A mai toshe adenilet kaines. Malam ya sa hannu, naira 240,000. Mai kawo kayan ya ce sai bayan Sallah.

21 ga Maris

Ba awo. Na ƙara noma lita biyu, na ƙara yawan wanki.

27 ga Maris

Na rufe komai a firiza mai sola. Sai bayan Sallah.

9 ga Afrilu

Ap5A ya iso ranar Litinin, yau na koma Vom da sabbin liposom. Hawan ƙaryar nan ya kwanta. Liposom marasa furotin sun tsaya a ƙasa. Masu furotin ba tare da ADP a waje ba su ma sun tsaya a ƙasa, kuma haka ya kamata, don furotin ɗin ba ya sakin ATP sai an ba shi abin musaya. Da na zuba ADP, hasken ya riƙa hawa daga minti 1 zuwa 20 har ya ninka na shaida kusan sau huɗu. AMP bai motsa shi ba, GDP ma haka. Furotin ɗin da na dafa kafin haɗawa bai yi komai ba. Alhamdulillahi.

CATR ta rage hawan da kusan rabi kawai. Da farko abin ya dame ni, sai na tuna ta inda take kamawa. Ita guba ce daga tsirrai irin su Xanthium da Atractylis, ba ta ratsa fata, kuma tana shiga furotin ɗin ne ta fuskar da ke kallon wajen mitokondiriya ta ƙulle shi. Da ita aka samu hoton ginin furotin ɗin shanu na farko a 2003. A liposom kuwa furotin yana zama yadda ya faɗa, wasu fuskarsu waje, wasu ciki, CATR ta waje ba za ta kai ga na biyun ba. Asid ɗin bonkirek ne ke kama ɗaya fuskar, da shi rukunin Edmund Kunji a Kambirij suka fitar da hoton ɗaya yanayin a 2019. Ba mu saye shi ba, yana da tsada kuma guba ce mai tsanani: ita ta kashe mutum 75 a Mozambik a 2015 bayan sun sha giyar gargajiya da wata bakteriya ta gurɓata. Ita ma CATR a kulle take, da safar hannu biyu nake taɓa ta.

16 ga Afrilu

Na haɗa wasu liposom da CATR a ciki tun lokacin naɗewa, sannan na ƙara ta a waje. Hawan ya sauka kusan daidai da na shaida. Na maimaita da dunƙulen noman Maris, wanda ba shi da alaƙa da na Fabrairu, aka samu abu ɗaya. Malam ya duba lambobin, ya ce in fara rubuta wannan babi.

Abin da ya rage yana da yawa. A ganina kaso kaɗan ne na furotin ɗin ya tashi, sauran yana zaune a bango a mace, don haka ba zan ba da lambar saurin jigila a kan kowane miligiram ba tukuna. Mataki na gaba shi ne in tace furotin ɗin da ginshiƙin nikel, wato bututun da ke kama jelar histidin, yana cikin sarkosil, ko adenilet kaines zai ragu har in daina dogaro da Ap5A. Bayan haka zan gwada yawan kadiyolifin daban-daban, sannan in canza yawan ADP don in ga inda furotin ɗin ke ƙoshi. Gwada sinadarai ba zai yi ma'ana ba sai akwai na shanu ko na mutum a gefe don kwatance, domin abin da ya toshe na ƙwayar ya toshe na raƙumin ba magani ba ne. Na dabbobi masu shayarwa ba ya son E. coli, don haka wataƙila sai ta yis, kuma wannan yana buƙatar na'urar juyi mai tsananin gudu da ba mu da ita. Malam zai tambaya a Abuja.

Jimillar kuɗi zuwa yau, har da lusifares da ƙanƙara da motar Vom, ta kai kusan naira miliyan 2.6. Abin da ya rage a tallafin zai sayi ginshiƙin nikel da ƙarin kadiyolifin, amma ba zai kai ga jin na biyu ba. Takardar neman ƙari zan fara rubutawa ranar Litinin, in Allah ya yarda, tacewar nikel kuma ranar Laraba.